Gasar cafe faifai ta karnuka don taimakon kurame: a ba da ko a bari?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah a amsa mini da ilimi. Wata abokiyar aikina a asibiti tana cikin ƙungiyar masu karnuka a gefen garinmu nan Birtaniya. Ƙarshen wata za su yi wasa a filin ƙauye, irin wanda ake wurga faifan roba sama, kare ya bi da gudu ya cafe kafin ya taɓa ƙasa. Kuɗin shiga da na shayi da kek duka za a miƙa wa Hearing Dogs for Deaf People, masu horar da karnuka su riƙa ankarar da kurame. Ta kawo mini takardar gudummawa, ta kuma ce in zo da yara. Matar nan ita ke karɓar mini aikin dare da azumi ba tare da na roƙa ba. Ina jin nauyin in ce a'a, amma zuciyata tana ɗar-ɗar. In na bayar, sadaka na yi ko ɓarnar kuɗi?

Alhaji Garba Funtuwa: Wa alaikumussalam. Ikon Allah, yanzu kare ma asusun taimako ake buɗe masa. Maman Ilham, in kuɗin ne suka yi miki yawa, ga marayu can gida ba su ci na rana ba. Ki ce mata Allah ya ba da sa'a, ki wuce abinki.

Sani Mai Tasi: Alhaji, ranka ya daɗe, ka yi saurin yanke hukunci. Ai ba karen ake tara wa ba, mai karen ake tara wa. Ni ina ɗaukar su a mota a nan Mancesta. Za ka gan su da 'yar riga ja mai duhu, launin zoɓo, da sunan ƙungiyar a jiki. Ba haushi, ba shinshine-shinshine. Wallahi sun fi wasu fasinjojin daren Asabar natsuwa.

Alhaji Garba Funtuwa: Kare a cikin motar da kake ajiye sallayarka, Sani?

Sani Mai Tasi: Sallaya tana but cikin jaka, shi kuma yana kwance a ƙasa wajen ƙafar mai shi. Kuma ba zaɓi gare ni ba. Dokar daidaito ta 2010 ta ce direban tasi da ya ƙi ɗaukar mai karen taimako ya yi laifi, tara tana kaiwa fam 1,000, ƙaramar hukuma kuma tana iya karɓe lasisinsa. Ƙarin kuɗi saboda karen ma haramun ne a dokar. Mafita ɗaya ce, takardar likita cewa gashin kare yana tayar maka da ciwo, sai hukuma ta ba ka shaidar da za ka manna a gilashi. "Addinina ya hana" ba ya cikin uzurin da suke karɓa. Direbobi nawa aka kai kotu kan wannan, kuna gani a jarida. Shi ya sa nake so Malam Kabiru ya yi magana, don ni ma tambayar ta shafe ni kullum.

Hajiya Binta Lesta: Kafin Malam ya zo. A nan Lesta a 2008 aka yi irin wannan takaddama, amma kan karen jagoran makafi. Wani saurayi makaho yana son zuwa masallaci shi kaɗai, ba sai an riƙo hannunsa ba. Majalisar malaman shari'a ta nan Birtaniya ta ba da fatawa, aka keɓe wa karen wuri a bakin shiga, yaron ya shiga ya yi sallarsa, karen ya jira. Ba a shigar da shi inda ake sujada ba. A lokacin an yi ta surutu, yanzu ba mai ko tuna zancen.

Malam Kabiru: Assalamu alaikum. Na karanta. Tambayoyi ne aka cusa a buhu ɗaya, bari mu zazzage su.

Game da ajiye kare: hadisin da kowa ya sani ya ce wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. To malamai da yawa sun duba dalilin da ya sa aka ware waɗannan ukun, suka ga buƙata ce, sai suka yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Mu da muka yi karatun zaure mun san labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamanin nan da zaki zai ajiye. In gadin hatsi buƙata ce, ban ga yadda za a ce gadin ran mutumin da ba ya jin ƙararrawar gobara ba buƙata ba ce. Kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar horar da dabba ta yi wa mutum aiki, har ta halatta abin da ta kamo.

Game da najasa: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, yawunsa ma haka. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki, a wajensu bin umarni ne. Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta, kuma da yawan 'yan uwanmu a masallatan nan ba Malikawa ba ne, don haka za ku ji fatawa daban. Kowa da hujjarsa.

Amma Maman Ilham ba kare za ta ajiye ba. Kuɗi za ta bayar don a taimaki kurma. Wannan ba ya shiga zakka, don masu cin zakka takwas ne an lissafa su. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take, ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har ga dabba. Mutumin da ya shayar da kare da huffinsa an gafarta masa.

Alhaji Garba Funtuwa: Allah ya gafarta Malam, to hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare fa? Shi wannan karen ai a ɗaki yake kwana, ba a ƙofar gida ba.

Malam Kabiru: Tambaya mai kyau, kuma nan ne saɓanin ya fi ƙarfi. Khaɗɗabi ya ce hadisin yana kan karen da aka hana ajiyewa ne, ban da wanda aka yi izini. Nawawi ya ce a'a, abin da ya fi bayyana shi ne ya haɗa duka. Manya biyu ke nan, ba ni zan raba musu gardama ba. Musulmi kurma da ke tunanin karɓar kare ya zauna da malaminsa su duba halinsa. Wanda zai ba da fam goma kuwa wannan saɓanin bai hau kansa ba.

Alhaji Garba Funtuwa: Na yarda ya halatta. Ni ba a nan damuwata take ba ma. Ku gaya mini nawa ake kashewa kan kare ɗaya, sannan mu yi lissafi.

Dakta Hauwa: Bari in shigo, tunda dabbobi ne sana'ata. Ƙungiyar ta sha faɗin cewa kare ɗaya, daga haihuwa da horo har kulawar tsawon rayuwarsa, yana cin kusan fam 40,000. Wanda aka ba karen ba ya biyan kuɗin horon.

Alhaji Garba Funtuwa: Innalillahi. Fam 40,000. Ku juya shi zuwa naira ku gani. Da wannan kuɗin yara kurame nawa za a saya wa na'urar ji a Kano da Katsina? Aji nawa za a gina? Mutum ɗaya a Ingila, da yake da asibiti kyauta, a kan yara ɗari da ba su da ko alli.

Dakta Hauwa: Lissafinka ba ƙarya ba ne Alhaji, amma ka san inda kuɗin ke tafiya. Ba abinci ba ne. Ɗan kwikwiyo yana barin uwarsa wajen mako takwas, ya koma gidan 'yan sa-kai da za su saba masa da bas da kanti da hayaniyar titi. Horon yana ɗaukar kusan shekara biyu, kuma ba duka ke cin jarrabawa ba. Akwai albashin masu horo, akwai magani, akwai zaman daidaita kare da mutumin da ya dace da shi, don karen da zai zauna da tsohuwa a ƙauye daban yake da na ma'aikaci mai shiga jirgin ƙasa kullum. Bayan an ba da shi ma suna ci gaba da ziyara har ya tsufa.

Ita ƙungiyar a 1982 aka kafa ta. Wani likitan dabbobi, Bruce Fogle, da Lady Beatrice Wright ne suka ƙaddamar da ita a bikin karnuka na Crufts. Karensu na farko sunansa Favour. Hedikwatarsu tana Saunderton a Buckinghamshire, suna da wata cibiyar a Bielby ta Yorkshire, Gimbiya Anne ce uwar ƙungiya. Da farko karnukan da aka tsinta suke horarwa, yanzu sun fi amfani da Labrador da Cocker Spaniel da ƙananan Poodle da Cockapoo. Amurkawa sun riga su, tun 1977 akwai irinta a Oregon.

Alhaji Garba Funtuwa: 'Yar sarauniya ce uwar ƙungiya, amma fam goman Maman Ilham suke jira.

Sani Mai Tasi: Alhaji yau ka sha kunun rigima.

Aminu Ƙofar Mata: Salam. Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ta shafe ni, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Wasunku sun sani, wasu ba su sani ba, ni kurma ne. Sanƙarau na 1996 ne ya tafi da jina ina ɗan firamare. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu akwai ɗan saura, da na'ura nake tsintar magana, sauran in karanta a leɓe.

Abin da masu ji ba sa lura da shi shi ne dare. Na'ura ba a kwana da ita. Da na cire ta na ajiye, ko gini ya faɗo ba zan sani ba. A gida Kano wannan bai taɓa damuna ba, don gidanmu ya fi mutum ashirin, in wani abu ya faru za a girgiza ni. Lokacin sallar asuba ƙanena ne ke taɓa mini ƙafa. Da na zo ƙasar nan karatu na kwana ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle, a nan na san mene ne kurumta. An taɓa gwajin ƙararrawar gobara da sassafe a ginin da nake, kowa ya fita waje, sai da aka ƙirga mutane aka ga babu ni. Gwaji ne, shi ya sa nake ba ku labari.

Alhaji, ka ce mutum ɗaya a Ingila mai asibiti kyauta. Asibiti yana ba da na'ura, gaskiya ne. Ba ya ba da wanda zai taɓa maka ƙafa. Yawancin masu karɓar karnukan nan ba su da gida mai mutum ashirin. Tsohuwa ce mijinta ya mutu, 'ya'ya suna wani gari. Ko uwa ce da jariri, ba ta jin kukansa daga ɗaya ɗakin. Ko yaro ne da ke tsoron duhu don in an kashe fitila ya rasa ji ya rasa gani a lokaci ɗaya.

Maman Ilham: Allahu akbar. Yaya Aminu, Allah ya ƙara lafiya. To shi karen yaya yake sanar da mutum? Haushi ai ba zai yi amfani ba.

Aminu Ƙofar Mata: Taɓawa yake yi. In an danna ƙararrawar ƙofa, ko agogon tashi ya kaɗa, ko na girki, ko na'urar sauraren jariri, zai zo ya zungure ka da hanci. Ka buɗe hannu alamar "mene ne?", sai ya wuce gaba ya kai ka wurin ƙarar. Amma in ƙararrawar gobara ce, zai zungure ka sannan ya kwanta ƙasa, ba zai ja ka ko'ina ba. Kwanciyar ita ce saƙon, don kada ya kai ka bakin wuta. Na ga an nuna wannan a wani taron kurame, wanda ya tsara shi ya yi tunani.

Akwai kuma abin da ba a horar da shi a kai ba. Kurumta ba ta da alama a jiki. A kanti mai kuɗi zai yi maka magana ta baya, ba ka juyo ba, ya ɗauka girman kai ne. Mai kare da rigar nan, kowa ya gani ya san dalili, sai ya zagayo ta gabanka ya yi magana a hankali.

Alhaji Garba Funtuwa: Aminu, ban san haka lamarin yake ba, Allah ya sa kaffara ne. Amma ka gaya mini tsakani da Allah, babu na'urar da za ta yi wannan aikin da araha?

Aminu Ƙofar Mata: Akwai, ita nake amfani da ita. Wani faifai ne da ake sawa ƙarƙashin matashi, in ƙararrawar hayaƙi ta tashi ya yi ta girgiza, da fitila mai walƙiya. Masu kashe gobara na yankuna da yawa suna zuwa su duba gida su saka wa kurame. Agogon hannuna ma yana girgiza. Ni ban nemi kare ba kuma ba na jin zan nema. Matata ba za ta zauna da shi ba, ni ma tarbiyyar da na samu ba ta sake ni ba, kuma yanzu gidana akwai mutane. Amma na'ura a bango take, ba ta bin ka otal ko wurin aiki ko tashar jirgi. Ba ta kuma fitar da kai yawo sau biyu a rana har maƙwabci ya san sunanka. Na san kurame a nan da sai su yi kwanaki ba su yi magana da kowa ba. Don haka ni ba zan ajiye ba, amma ina ba su gudummawa, kuma ban ga karo a tsakanin biyun ba.

Hajiya Binta Lesta: Ɗana Aminu, ka gama magana. Kaɗaicin ƙasar nan mu masu kunne ma yana cin mu.

Issoufou Maraɗi: Ni abin da ke ba ni mamaki, yadda muke yi kamar ba mu san karen aiki ba. Kakana mafarauci ne, karnukansa suna da suna, suna da akushinsu, in ɗaya ya ji rauni da kansa yake masa magani, kuma bai taɓa fashin jam'i ba. Buzaye a Azawak suna da dogayen karnukan nan masu siririn ciki, Turawa sun kwaso irinsu sun kawo Faransa suna sayarwa da tsada. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Da zomo ne da kura, yanzu ƙararrawar gobara ce.

Khalid: Baba Issoufou, irin wannan siririn karen ne ma ya fara wasan faifan. A watan Agusta 1974 wani ɗalibi, Alex Stein, ya tsallaka shinge ya shiga filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Dodgers a Los Angeles ana tsakiyar wasa ana nunawa a talabijin, shi da karensa Ashley, irin whippet. Ya yi ta wurga faifan roban da ake kira Frisbee karen yana tashi sama yana cafewa, wajen minti takwas, jama'a suna ihu, kafin a fitar da shi 'yan sanda su kama shi. Daga nan aka fara gasar duniya a 1975, Ashley ya ci sau uku a jere. Har yau akwai gasar da ke ɗauke da sunansa.

Sani Mai Tasi: Wato da laifi aka fara. Khalid, karatun jami'ar ke nan da babanka ke biya?

Khalid: Kawu Sani wannan na bayan aji ne.

Maman Ilham: To Dakta, shi wasan kansa babu cutar da dabba a ciki? Na ga bidiyo kare yana taka bayan mai shi yana tashi sama, na ji tsoro kada ya karye.

Dakta Hauwa: Iri biyu ne aka fi yi. Na farko jefa-ka-kawo: ana ba ku minti ɗaya, faifai ɗaya, filin an ja masa layuka. Iya nisan inda karen ya cafe, iya makinku, in kuma ya cafe ƙafafunsa huɗu suna sama akan ƙara masa. Wannan kowa zai iya shiga, shi za ki fi gani a taron sadaka. Na biyu shi ne na gwaninta, da kiɗa da faifai da yawa, irin wanda kika gani. Border Collie da Australian Shepherd suka fi shahara a nan, karnukan kiwon tumaki ne, in ba a ba su aiki ba su addabi gida.

Rauni yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Na ɗinke dasashi, na ga haƙori ya tsage, kusan kullum saboda an yi amfani da faifan mutane mai tauri maimakon na karnuka mai laushi. Babban kuskure shi ne sa ɗan kwikwiyo tsalle kafin ƙashinsa ya gama ƙwari, wato kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Masu hankali gangara masa faifan suke yi a ƙasa har ya girma. Sai zafi: kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, in rana ta yi dole a ajiye ruwa da inuwa. In kin je kika ga bokitan ruwa da ciyawa mai laushi, masu shirin sun san aikinsu. Tilas kuwa babu, karen da ba ya so ko kallon faifan ba zai yi ba.

Kada kuma ki zaci karnukan kuramen ne ke gasar. Na mutanen gari ne. Wataƙila a kawo ɗaya ko biyu masu riga su nuna yadda suke aiki.

Maman Ilham: Yaran fa? Ilham in ta hango kare sai ta haye jikina. Ni ma haka na tashi, a unguwarmu kare ya taɓa cizon wani yaro aka yi ta allurai.

Dakta Hauwa: Tsoronmu yana da asali. A gida ciwon haukan kare yana kashe mutane har yanzu, kuma da alamu sun bayyana babu magani, shi ya sa iyaye suka koya mana gudu. A nan an kawar da shi daga karnuka wajen shekara ɗari ke nan. Cizo dai yana nan, don haka ki koya mata: kada ta ruga, kada ta yi ihu, kada ta taɓa kare sai ta tambayi mai shi. Mai riga kuwa yana bakin aiki, ba a shafa shi ba a ba shi abinci. In ta ƙi matsawa kada ki tilasta mata, ku tsaya bayan igiya.

Malam Kabiru: Abu ɗaya da ban ji an ambata ba, kuma ya fi damuna a kan yawun kare. Irin waɗannan tarukan ba sa rasa tikitin sa'a, ka sayi lamba fam ɗaya, a juya a zaro, mai rabo ya tafi da kwando, sau da yawa ma da kwalbar giya a ciki. Wannan caca ce ko da kuɗin na alheri ne. Maman Ilham, ki saka kuɗinki kai tsaye a takardar ko a bokiti, ki sayi shayi, ki bar tikitin. Kek kuma ki tambaya abin da aka sa.

Sani Mai Tasi: In kina biyan haraji ki cika gurbin Gift Aid a takardar. Duk fam ɗaya gwamnati tana ƙara musu fens 25 daga harajin da kika riga kika biya. Fam 20 ya zama 25, ba ki ƙara ko sisi ba.

Alhaji Garba Funtuwa: Duk na ji. Ban canza ra'ayi kan lissafi ba. Fam ɗaya a Funtuwa ya fi fam ɗaya a Buckinghamshire aiki, wannan ko Dakta ba za ta musa ba. Su suna da masu ba su, namu ba su da kowa sai mu.

Aminu Ƙofar Mata: Ban musa ba Alhaji. Amma tunda muke zauren nan an tara kuɗin rijiya, an tara na masallaci, an tara na kai gawa gida, ban taɓa ganin an tara na kurame ba. Sai yau da aka ambaci kare aka tuna da mu. Makarantar kurame ta Tudun Maliki tana nan a Kano tun 1977, akwai irinta a wasu jihohin. Muna da maganar hannu tamu ta Hausa da kurame suka gada tun kafin boko, a kasuwa mai nama da mai shayi suna yin ta daidai gwargwado, abin da ban samu a wajen masu ji a nan ba duk da dokar da suka yi wa tasu a 2022. Abin da ya fi ƙaranci a gida shi ne gwajin ji tun yaro yana jariri, da batirin na'ura. Mutum zai samu na'ura kyauta daga masu agaji, batiri ya ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, ta koma cikin akwati. In da gaske ake, a nan za a fara, ba sai an hana Maman Ilham fita kunyar abokiyar aikinta ba.

Hajiya Binta Lesta: Alhaji, an jefo maka faifai, saura cafewa.

Alhaji Garba Funtuwa: Hajiya ke ma? To shi ke nan. Aminu, batirin nan nawa ne kati ɗaya, kuma iri ɗaya ne ko kowace na'ura da nata?

Aminu Ƙofar Mata: Girma huɗu ne aka fi sani, kowanne da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Masu ƙarfi irin tawa 675 ko 13 suke ci. Kada a saya da ka, sai an tambayi malaman makarantar irin da yaran ke amfani da shi. Kuma in an ɓare takardar bayansa ya fara ƙarewa ke nan ko ba a saka shi ba, a gaya wa duk wanda zai kai.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Zan ba ta fam 20, ranar kuma in ba ni da aiki za mu leƙa mu tsaya nesa. In an buɗe na batirin a sa sunana.

Issoufou Maraɗi: A sa da Maraɗi a lissafin don Allah, kada a tsaya Kano da Katsina kamar kullum.

Alhaji Garba Funtuwa: Ina tafiya gida bayan Sallah, kilo biyu zan iya ware muku a kaya, ba ƙari. Sani, kai za ka riƙe kuɗin, amma a buɗe masa zaure daban, kuma kowa ya turo da shaidar biya.

Sani Mai Tasi: Ni da nake tuƙi har asuba? A ba Khalid, shi ke da lokacin haddace tarihin karnuka.